Gyaran Iri

Kawuna Kalilu, ƙanen innarmu, tun yana ƙarami bai iya zama shi kaɗai ba. Inna ta ce ko tuwo aka zuba masa sai ya ɗauki akushin ya fita neman wanda za su ci tare. Sai ga shi aikin da ya fara samu a duniya ya raba shi da kowa. Zamanin Turawa ne, bayan yaƙinsu na biyu, lokacin da samarinmu da aka kai yaƙi ƙasar Bama suka dawo da manyan takalma, kowa na neman abin yi.

Ku da kuka taso yanzu ba ku san darajar jar akuya a wancan lokaci ba. Fatarta ake so. 'Yan kamfani na saye suna ɗaurewa dami-dami ana kai ta ƙasashen da ba mu san sunansu ba. To sai Baturen dabbobi ya ce awakin ƙasarmu suna cakuɗewa, ana samun baƙaƙe da farare da masu dabbare-dabbare, fata na lalacewa. Aka ce duk bunsurun da ba ja zur ba a dandaƙe shi ya koma taure, kada ya ƙara haifar irinsa. En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ta ɗauki mutanen da za su bi ƙauyuka suna wannan aiki, Kawu Kalilu na cikinsu. Aka ba shi Gatawa da Unguwar Lalle da ƙauyukan da ke kewaye da su, aka ba shi wani ƙaton awartaki na ƙarfe, da jakar fata, da kwalbar maganin wanke rauni. Ƙarfen na cin tafin hannu, shi ya sa ya nannaɗe masa jar fata a mariƙi, ya ɗinke da kansa.

Da farko ya ɗauka aiki ne kamar kowane aiki. Bai yi wata biyu ba ya gane. In ya doso gari, tun daga bakin gonaki yara ke rugawa suna shela cewa ga Dandaƙau nan tafe. Kafin ya kai ƙofar maigari an ɓoye bunsurai. Wasu a rumbu, wasu a bayan gado an ɗaure musu baki da tsumma, wasu kuma an kora su ƙetaren iyaka, inda Faransa ke mulki, wurin dangi sai ya wuce. Matan Unguwar Lalle su suka fi kowa dabara. Lalle suke kwaɓawa su shafa wa bunsuru a duk inda yake da fari, su ɗaure da ganye, in ya kama sai ka ga dabba ta yi ja kamar ta gaske. Kawu ya ce yakan tofa yawu a babban yatsa ya murza gashin, in yatsan ya yi ja ya san abin da aka yi. Wata rana ya yi aikinsa, wata rana ya share yatsan a riga ya ce a wuce da shi, don mai akuyar ta tsaya tana kallonsa ba ta ko ƙifta ido.

Ba ƙin da ake masa ya fi damunsa ba, dariyar ce. In ya ratsa majalisar maza sai ka ga kowa ya tattara riga ya haɗe gwiwoyi, wani ya ce a ba malam hanya kada ya yi kuskure. Ran da zai haye gulbin Bunsuru da damina, mai fito ya dube shi ya dubi jakar, ya ce ya riƙe ƙarfensa da kyau, wanga Bunsuru na Sarki ne, ba a taɓa shi. Mutanen da ke cikin jirgin suka yi ta dariya har ƙetare, shi ma ya yi tasa don kada a ce ya ji haushi, amma babu wanda ya matso kusa da shi.

Ga kuma wari. Wanda bai taɓa rungumar bunsuru ba bai san yadda warinsa ke shiga zare ba. Ya wanke riga da toka, ya wanke da sabulun salo, in rana ta buga shi sai warin ya taso. A masallaci ba a cewa komai, amma sahu ya kan bar ɗan fili a damansa da hagunsa. A gidan maigari ana aiko masa da tuwo mai kyau, a akushinsa shi kaɗai, a ajiye a bakin zaure. Haka ya yi shekaru, yana cin tuwo yana jin hirar masu gida ta bayan katanga.

A Sabon Birni yana sauka wurin gwaggonsa Hajo, tsohuwa mai sayar da fura a bakin kasuwa. Ita kaɗai ke zama kusa da shi, ita ma takan ce hancinta ne ya mutu tun shekarar masassara, kada ya ɗauka ƙauna ce. A wurinta ya ji cewa an gina ɗakin shan magani a Isa, ana neman mutum mai taimaka wa malamin asibiti, wanke gyambo da ɗaure rauni da riƙe marar lafiya. Masu sayen fura ne suka kawo zancen. Kawu ya ajiye ludayi bai ƙara sha ba.

Hajo ta tambaye shi ko albashin ne ya fi. Ya ce bai ma tambaya ba.

"Gwaggo, aikin da mutane ka zuwa wurinka da ƙafarsu nike so," in ji shi. "In zauna, in ga mutum ya taho, ni yake nema."

Washegari ya mayar da awartaki da jaka ofishin dabbobi. Hajo ta yi faɗa, ta ce ai sai ya bari ya samu wancan tukuna, ya ce in yana ɗauke da jakar ba wanda zai bar shi ya shiga ɗakin magani.

Sai wata damuwa ta taso. An ce duk mai neman aikin zai je zauren Wakili a Isa, magatakarda ya rubuta sunansa da na ubansa da garinsu, sannan aikin da ya taɓa yi. Kawu ya ɗan shiga ajin yaƙi da jahilci, ya san yadda takardun En'e suke: wurin da aka bari don aikin baya bai wuce tsawon yatsa ba. Kuma ba a ɓoye ake yi ba, a gaban kowa ake tambaya, ka faɗa da bakinka. Mutanen Isa ba su san fuskarsa ba, don zagayensa bai kai can ba. Me zai ce?

Suka zauna shi da Hajo suna juya maganar yayin da take dama fura. Ya ce zai ce malamin dabbobi ne shi. Ta ce malamin dabbobi na da keke da farar hula, in aka bincika ya zama maƙaryaci. Ya ce to zai ce ma'aikacin En'e kurum. Ta ce mai share kasuwa ma ma'aikacin En'e ne, za su ce wane aiki. Ya ce to ya ce bai taɓa yin komai ba, noma yake yi. Ta kama hannunsa ta juya, ta ce wannan kanta ba ta fartanya ba ce, kuma shekarun da ya sha rana a kan hanya ba za ta bari ya zubar da su kamar ruwan wanki ba.

Tana cikin murza dunƙulen fura, can ta ɗago.

"Ba kai kac ce Bature na son irin awaki shi gyaru ba? To gyaran iri ka yi. Ka ce musu gyaran iri. In akwai ƙarya ciki nuna mani ita."

Ya maimaita kalmar a bakinsa, ya ji ta yi daɗi. Ba ƙarya, ba kuma wari. Hajo ta aro masa rigar maƙwabci, ta kifa kwando a kan kaskon turare ta shimfiɗa rigar a kai har ta sha hayaƙi. Ta sa ya yi aski, ta ce ya bar tsohon takalminsa nan, shi ne ya fi komai riƙe warin.

Ya kama hanyar Isa da rani, a ƙasa, shi kaɗai. Gulbi ya janye sai rairayi. Yana tafe yana gwada yadda zai faɗa, wani lokaci da ƙarfi wani lokaci a hankali, yana gaya wa itatuwan hanya cewa shi ya yi aikin gyaran iri a ƙarƙashin En'e. Ya wuce wasu mata da garken awaki, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba. Ba wadda ta gudu. Ɗaya ma ta yi masa sannu da hanya, ta kira shi malam. Ya ce ya daɗe yana waiwayenta.

A ƙofar gidan Wakili ya tarar da masu neman aiki zaune a inuwar bedi. Akwai wani tsohon soja, Sodangi, dogo mai yawan magana, shi ya matsa ya ce masa ya zauna nan, tabarma ta isa. Kawu ya zauna, gwiwarsa na taɓa ta Sodangi, yana jira ya ga mutumin ya janye. Bai janye ba. Ya fasa goro ya miƙa masa ɓari. Da rana ta take wani ya sayo fura a ƙwarya ɗaya, ludayi ya yi ta zagayawa, ya zo hannun Kawu ya sha ya miƙa gaba, wanda ya karɓa bai ko ɗauraye ba. Sodangi na ba da labarin dajin Bama, yana dafa kafaɗar Kawu duk inda labarin ya yi daɗi. Kawu ya ce shi bai ji rabin labarin ba, hannun da ke kafaɗarsa kawai yake ji.

Bayan azahar aka kira su zaure gaba ɗaya. Wakili na zaune a kan buzu, dattijo mai son raha. Magatakarda na gefe da takardu. Akwai Malam Usmanu, malamin asibiti, siriri marar yawan magana, akwai kuma malamin gona, wanda ya biyo don shi ma yana neman mai tsaron siton iri a Burkusuma, can bakin iyaka, wurin da ba wanda ke so.

Aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce dako ya yi, wancan ya ce ɗinki. Sodangi ya ƙame ya ce ya ɗauki masu rauni a yaƙi, ko da yake a inuwar bedi ya gaya musu alfadarai ya kora. Da aka zo kan Kawu ya faɗi sunansa da na ubansa, ya ce Sabon Birni. Magatakarda ya ce aikin baya fa.

"Gyaran iri, ranka shi daɗe. Ƙarƙashin En'e."

Magatakarda ya rubuta, kalmar ta shiga wurinta daidai. Malamin gona ya gyara zama ya dube shi da kyau. Kawu bai lura ba, shi Malam Usmanu yake kallo.

Malam Usmanu ya ce yana da tambaya ɗaya da yake yi wa kowa. Ya ce aikinsa ba wuya gare shi ba sai wuri guda: in ana wanke tsohon gyambo, ko ana matse maruru, mutum na kuka yana fizge-fizge, mai riƙo ya kan ji tausayi ya saki, aiki ya ɓaci.

"Ka taɓa riƙe mai rai yana kuka, ba ka saki ba sai da anka gama?"

Kawu ya ce a ransa amsar ta cika masa baki. Ya san inda ake dafa gwiwa, ya san yadda ake yi wa dabba magana a kunne har ta lafa, ya san yadda ake komawa bayan kwana biyu a duba ko wuri ya kumbura a wanke. Abin da ya fi iyawa a duniya ke nan. Amma in ya ce e, za a ce wa ka riƙe. A bayansa yana jin numfashin mutanen da suka sha fura da shi. Ya san yadda za su tattara riguna su haɗe gwiwoyi, ya san abin da Sodangi zai yi da sunan Dandaƙau kafin la'asar. Ya buɗe baki, ya rufe.

Wakili ne ya cike shirun. Ya ce haba Malam Usmanu, mai gyaran iri ina zai ga kuka, gyaɗa ai ba ta kuka ko an ɓare ta. Zaure ya ɗauki dariya. Dariya ce mai daɗi, ba irin wadda ya saba ji ba, Sodangi har da bugun bayansa. Kawu ya samu kansa yana dariya tare da su, ya bar maganar ta wuce a haka.

Kafin a tashi aka yanke. Sodangi ya samu ɗakin magani. Malamin gona ya ce shi ya samu mutuminsa, wanda ya san iri, ba sai an koya masa ba. Wakili ya sa albarka, magatakarda ya naɗe takardu ya ba ɗan aike mai tafiya Sakkwato. Mutanen inuwar bedi suka yi wa Kawu murna, suka yi musafaha da shi, kowa ya kama hanyar garinsu.

Da safe, kafin ya bar Isa, ya bi ta ɗakin magani. Mutane sun yi layi a bakin ƙofa, mata da goyo, tsofaffi da sanduna, duk sun zo da ƙafarsu. Daga ciki ana jin wani mutum na kuka, ana jin Malam Usmanu na cewa Sodangi ya riƙe, ya riƙe mana. Kawu ya tsaya har aka gama. Da malamin ya fito wanke hannu, ya matsa ya gaishe shi, ya gaya masa ko wane iri ya gyara, da sunan da ake kiransa, bai rage komai ba.

Malam Usmanu bai yi dariya ba. Kawu ya ce da ya yi dariya da ya fi masa sauƙi. Malamin dai ya tsaya da ruwa na ɗiga daga hannunsa, ya ce, "Mi ya hana ka faɗi jiya? Irinka nike nema." Sannan ya ce takarda ta riga ta tafi, kuma ba zai tashi mutumin da aka ba aiki a gaban Wakili ba. Ya ce in wuri ya sake samuwa zai tuna da shi. Aka kira shi daga ciki, ya koma.

Labari ya kai wa Hajo. Ta ce kalmar tata ce, ita ta dama ta. Kawu ya ce kalmar ba ta yi laifi ba, an tambaye shi a fili shi ne ya yi shiru.

Siton Burkusuma ɗaki ne na kwano a bayan gari, da 'yar bukka a gefe. Buhunan irin gyaɗa da na angurya ne a ciki. In damina ta kusa mutane na zuwa da jakuna, a yi ta hayaniya ana awo, ana kiransa Malamin Iri, har a kawo masa nono. Kwana kaɗan ne. In shuka ta wuce sai wurin ya koma shi da ɓeraye da ƙarar kwano in rana ta yi zafi. A masallacin garin sahu ba ya barin fili kusa da shi, amma siton na da nisa, kuma an ce kada ya bar shi ba kowa. Saƙon Malam Usmanu bai zo ba. Aka ce ma an mayar da shi wani gari.

Wani ɗan bunsuru ne ya fara zuwa cin anguryar da ta zube a bakin ƙofa, ja mai farin tabo a goshi da kuma gefen ciki. Ba a san mai shi ba, wataƙila daga ƙetaren iyaka ya ɓato. Kawu ya kore shi, ya dawo, ya sake kora, ya dawo, sai ya bar shi. Ya girma a nan, ya yi gemu, ya yi wari, yana kwana a bakin bukka. Kawu na ci yana jefa masa ɓawon rogo yana ba shi labarin mutanen Gatawa.

Ran nan da hantsi yaran gari suka wuce a guje suna shela cewa ga Dandaƙau nan tafe. Kawu ya ce da farko ya ɗauka da shi ake. Ya shiga gari ya roƙi lalle wurin matar liman, ya dawo ya kwaɓa, ya shafa wa bunsurunsa a goshi da ciki.

Da la'asar mutumin ya iso siton, magidanci ne mai furfura a gemu, sunansa Maliki, ya gama da gari an nuna masa cewa akwai sauran ɗaya a wurin Malamin Iri. Ya tsaya nesa ya yi sallama, kamar wanda ya saba a bar shi a tsaye. Ya kama bunsurun, ya tofa yawu a yatsa ya murza goshin. Yatsan ya yi ja har da ɗanyen lalle. Ya dubi yatsan, ya dubi Kawu.

Kawu kuwa jakar yake kallo. Mariƙin awartakin ya leƙo, da jar fatar nan da ta yi baƙi don riƙo.

"Ɗinkin wagga fata nawa ne," in ji shi. "Ni nar riƙe shi kafin kai. Ka yi hankali da shi, yana cizon hannu ta hagu."

Maliki ya saki bunsurun, ya share yatsa a riga, ya ce shi dai ja ya gani.

Kawu ya shimfiɗa tabarma ɗaya, ya sauke tukunya, ya zuba dambu a akushi ɗaya. Maliki ya ce a zuba masa nasa daban, shi ya san yadda yake wari. Kawu ya ce hancinsa ya mutu tun tuni, ya matso. Suka ci, suka yi hirar matan Unguwar Lalle da na wane gari suka fi iya ɓoyo, har aka kira magariba.

Da gari ya waye Maliki ya rataya jaka ya nufi ƙauye na gaba. Kawu ya raka shi har bakin gonaki, ya tsaya yana kallonsa yana tafe shi kaɗai a kan turba har ya shige cikin kalgo. Sannan ya juyo, bunsurun na biye da shi da jan goshi, ya buɗe siton ya hau juya buhuna don kada gara ta shiga.